Shin Ko Kun San? Tsibiri a Ƙasar da Ba Ta da Teku

Shin ko kun san mutumin Kore Mairuwa, in ya sa gabansa kudu sak bai karkace ba, sai ya ci fiye da kilomita 700 kafin ƙafarsa ta taɓa ruwan gishiri? Ina zai ɓulla? Gabas da Ikko, wajen Lekki. Nijar ba ta da bakin teku ko na taku ɗaya. Ko ɗaya fa! Amma ku buɗe taswirarta. Ga tsibiri nan zaune daram a tsakiyar gonakin gero.

Tibiri biyu ne a taswirar Nijar. Ɗaya tana nan Arewa, garin da Samna ke sarauta, wadda tun 2011 ta zama babban garin gundumar da Kore Mairuwa da Gesheme da Dumega suke ciki. Don kada a rikice, masu takarda kan liƙa mata Doutchi a baya. Ɗayar tana gefen Maraɗi, can fadar Sarkin Gobir take. To, ku tari Bagobiri ku tambaye shi sunan garinsu. Ba zai ce muku Tibiri ba. Tsibiri zai ce. Tsibirin Gobir! Alƙalamin Bafaranshe ne ya kasa ɗaukar "ts" ɗinmu, ya yar da rabinta a hanya.

Ita kanta "ts" ɗin abin kallo ce. Bakano ya ce dutse. Ba'are da Basakkwace su ce dutsi, kuma a bakinsu, in "i" na biye, sautin yakan karkata ya kusa zama "c" mai ƙarfi. Abin da Bafaranshe ya ji ke nan ya rubuta Dogondoutchi. Dogon Dutsi ne kurum! Shi ya sa ma a wasu takardun za ku iske Tsibirin Gobir an rubuta ta Tchibiri. Gari ɗaya, rubutu uku.

To mene ne tsibiri? Ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Jam'insa tsibirai. Ku lura, ba a ce ruwan teku ba. Ruwa kawai. Gulbi ne, tafki ne, ambaliyar kwana uku ce, duk ɗaya. Bahaushe bai jira ganin teku ba kafin ya yi wa abin suna.

Yanzu ku furta waɗannan a hankali: tsibi, tsiba, tsibiri. Kun ji? Tsibi tari ne, tsibin gyaɗa, tsibin ƙasa a bakin rami. A tsiba kaya, a tara su wuri guda. Mai tumatir ya kasa hajarsa tsibi-tsibi. Ni dai kunnena ya riga ya yanke hukunci, 'yan gida ɗaya ne. Tsibiri tsibin ƙasa ne da ruwa ya kasa haɗiyewa. Wanda bai yarda ba ya kawo nasa mu ji.

Kuma Kore Mairuwa ta fi kowa sanin wannan tsibin. Cikin Dallol Mawri take zaune. Dallol kalmar Fillanci ce, kwari ke nan. Tsohon kogi ne da ya bar gudu tun dubban shekaru, ya gangaro daga arewa, ya ratsa ƙasar Dogon Dutsi, ya nufi Kwara wajen Gaya. Ruwan bai tafi ko'ina ba. Nitsewa ya yi. A wasu fadamun, ka haƙa gaba biyu ka cim masa. Ga asirin rake da rogo da mangwaron wannan yanki. A 2004 ma an sa wani ɓangare na kwarin cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye.

Ku leƙa fadama washegarin ruwan Agusta mai ƙarfi. Jan ruwa ya shafe hanyar amalanke. Can ga wani ɗan tudu, faɗinsa bai fi masussuka ba, goriba biyu a kai, awaki uku sun maƙale suna ta kuka, balbela ta sauka tana kallonsu. Ga yaro ya tuɓe riga ya naɗe bisa kai, ruwa iya ƙugu, yana laluben ƙasa da ƙafa, zai je ya saɓo su ɗai-ɗai a wuya. Wannan tudun yau tsibiri ne. Jibi gona. Wanda ya taɓa ganin haka, ba sai an yi masa bayanin "tudun mun tsira" ba.

Shin ko kun san Tsibirin Gobir ita ma tudun mun tsira ce? A 1836 aka gwabza a Gawakuke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rinjaye, Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen daga. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka sake kafa fada a bakin Gulbin Maraɗi, zamanin Sarkin Gobir Mayaƙi. Gulbin nan kuwa na damina ne. Da rani yara na wasa a cikinsa. Amma in ya fusata? A 1945 ya ci tsohon garin Maraɗi, dole aka kwashe mutane aka hau da su bisa tudu. Maraɗin da kuke gani yau mai miƙaƙƙun tituna, 'yar wannan ambaliyar ce.

Tsibirin Gobir ba ita kaɗai ba ce mai wannan suna kuma. Akwai Tsibiri a ƙasar Giwa, kusa da Zariya. Akwai Tsibiri a ƙasar Maradun ta Zamfara. Duk babu mai jin ƙamshin teku a cikinsu.

To, ga wata. Tsibiri yana da kishiya. Sunanta gungu. Ku bi Kwara daga Ayoru zuwa Yawuri, gungu za ku riƙa ji, a bakin Bazabarme da Badande da Bahaushen bakin kogi. Tsohon garin Ayoru kansa a kan gungu yake, dorina na iyo a gefensa.

Gungun da ya fi kowane suna kuwa a jiharmu ta Dosso yake. Lete! Lete Gungu, a sama da Gaya. Tsawonsa wajen kilomita 16, faɗinsa wajen 4, ciyawarsa shar ko da rani, makiyaya ba su da kamarsa. Nijar ta ce nata ne. Dahome, wato Benin ta yau, ta ce nata ne. Tun 1960 ake ja-in-ja. A ƙarshen 1963 saura ƙiris a harba bindiga, har Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahome da ke aiki a ofisoshinta. Shekara 40 da ɗoriya ana abu ɗaya! Daga bisani aka kai magana Kotun Duniya a birnin Hague. Ranar 12 ga Yulin 2005 alƙalai suka yanke. Ta yaya? Suka ce a nemo inda kogi ya fi zurfi, hanyar da jiragen ruwa ke bi a lokacin samun 'yancin kai, nan ce iyaka. Abin da ke hagu na Nijar, abin da ke dama na Benin. Aka ƙirga tsibirai 25. Nijar ta tashi da 16, Benin da 9. Lete ya faɗo wa Nijar. Ku duba fa: ƙasar da ba ta da teku ta je Turai shari'ar tsibiri, ta dawo da 16 a aljihu!

Amma a yi hattara da gungu, baki biyu gare shi. Gungu tsibiri ne, gungu kuma taron mutane ne. Masu tarihin baka a Kabi suna cewa daga na biyun aka sami sunan Argungu: "Ar! Mu yi gungu." Wato mu taru wuri ɗaya. Maƙwabtanmu ne, tsallaken iyaka kaɗan, inda tun 1934 ake shagalin su a Matan Fada.

Gangara ƙasa kuma ga Gungawa a Yawuri. Su suna kiran kansu Reshe. Hausawa ne suka raɗa musu Gungawa, mutanen gungu, don a kan tsibiran Kwara suka yi garuruwansu. Sai 1968 ta zo. Aka gama madatsar Kainji. Ruwa ya taso, ya taso, ya haɗiye tsibirai da ƙauyuka, har da babban tsibirin Foge. Aka tashi mutum kimanin 44,000. Tsohon garin Busa, inda kwalekwalen Bature matafiyi Mungo Park ya halaka a 1806, yana can ƙarƙashin tafki. Shin ko kun san shi kansa sunan Kainji na tsibiri ne? A kansa aka dasa madatsar. Tsibiri ɗaya ya ba da suna, saura suka ba da rai.

A gabas kuma wata kalmar ce. Masu sauraron labarai sun sha jin Tumbun Gini da Tumbun Rago. Tumbu, haka ake ce wa tsibiran Tafkin Chadi. Da yawansu tsofaffin tuddan rairayi ne da ruwa ya cinye musu gindi ya bar kawuna. Yawansu ba ya tsayawa. A 1963 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Tsibiran jiya suka zama gonakin masara da wake, ana zuwa da mota.

Shanun can ma daban suke. Kuri ake ce musu, na Buduma. Farare, ba tozo, ƙahonsu jibga-jibga, kumburarru, amma cikinsu sakayau. In ciyawa ta ƙare a wannan tumbun, sai garke ya faɗa ruwa ya yi iyo zuwa wancan, hanci da ƙaho kaɗai ake hangowa. Saniya mai iyo! Ku gaya wa Bafillacen unguwarku ku ga ko zai yarda.

Sai kalma ta huɗu, ta makarantar allo da zaure: jazira. Wannan Balarabiya ce, kuma ta yi yawo ba kaɗan ba.

Shin ko kun san ma'anar Aljeriya? Al-Jaza'ir. Tsibirai! Ƙasar da ta fi kowace girma a Afirka, murabba'in kilomita sama da miliyan 2 da dubu 300, kusan duk hamada, maƙwabciyarmu ta arewa, sunanta Tsibirai. Me ya kawo haka? Wasu 'yan ƙananan duwatsu ne a cikin ruwa, gaban birnin Aljiyas. Birnin ya ci sunansu, ƙasa ta ci sunan birnin. Su kuwa tun 1529 suka bar zama tsibirai, don Hairuddin, sarkin yaƙin ruwan Turkawa, ya sa an cike tsakaninsu da gaɓa an yi tashar jiragen ruwa. Tsibiran sun tafi kusan shekara 500, suna ya ƙi tafiya.

A Sudan kuma akwai Aljazira wadda ba teku kusa da ita. Fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kogi a dama, kogi a hagu, Balarabe ya ce ai wannan tsibiri ne. A 1925 aka gama madatsar Sannar, aka ja ruwa, wurin ya zama gonar auduga, wadda daga baya faɗinta ya haura hekta 800,000. Su wa suka tsinci audugar? Da yawa namu ne. Alhazan ƙafa, masu tafiya Makka shekara da shekaru, sukan yada zango su yi ƙodago su tara guzuri. Wasu suka wuce. Wasu har yau jikokinsu na can. A bakin Shuɗin Nilu akwai gari sukutum mai suna Mai Wurno, sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja sauran jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ana jin Hausa da Fillanci a kasuwarsa.

Tashar talabijin ɗin nan ta Aljazeera da aka buɗe a Doha a 1996? Ita ma Tsibiri ke nan sunanta. Ƙasar Komoros? Juzurul Ƙamar, tsibiran wata. Har a Sifen akwai birnin Aljesiras, ragowar sunan da Larabawan Andalus suka bari.

Nan ne fa rigima take. Malam ya ce Jaziratul Arab, almajiri ya fassara Tsibirin Larabawa. Amma mota na fita daga Makka ta shiga Jodan ba ta jiƙa taya ba! Ruwa ya kewaye gefe uku ne, na huɗu a haɗe yake da ƙasa. Balaraben zamani ya gyara, ya ce shibhu jazira, mai kama da tsibiri. Bafaranshe ya ce presqu'île, saura kaɗan tsibiri. Mu fa? Mu muka bar wa 'yan rediyo. Tun da BBC ta fara magana da Hausa a 1957, masu fassarar labarai ke fama da wannan siffa ta ƙasa. Wani ya ce tsibirin Bakassi. Wani ya ce yankin Bakassi, ya huta. Kirimiya tsibiri, Sina'i tsibiri, alhali duk a haɗe suke da ƙasa. Da aka zo Koriya sai aka ɗauko ziri, aka ce zirin Koriya. Sai ga zirin Gaza kuma, wanda shi ruwa gefe ɗaya kawai ya taɓa shi. A ganina ziri ya fi dacewa da Gaza, siririya ce doguwa, kilomita 41 a tsaye. Koriya ta yi wa ziri ƙiba. Amma kunne ya riga ya saba, wa zai tsaya gyara?

Kada ku ɗauka wasan baki ne. Kalmar nan kuɗi ce! Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce tsibiri ƙasa ce da Allah ya yi, ba hannun mutum ba, ruwa ya kewaye ta, kuma ko teku ta cika ta batse kanta na waje. In ya cika tsibiri, mai shi na da kifi da man da ke kewaye har mil 200 na ruwa, wajen kilomita 370. In kuwa dutse ne kawai da mutum ba zai iya rayuwa a kai ba, mil 12 ne rabonsa.

Ku ji abin da Japan ta yi. Tana da wasu 'yan duwatsu biyu a can kudu, Okinotorishima, kilomita 1,700 daga Tokyo. In ruwa ya cika, abin da ke leƙowa 'yan taku kaɗan ne. Igiyar ruwa na ta gwaguyarsu. Tun 1987 Japan ke zuba musu kankare da ƙarfe tana kewayewa, don kada su nitse. Saboda me? Saboda ruwan da take cewa nata ne a kewayensu ya kai murabba'in kilomita 400,000. Ya fi ƙasar Japan ɗin kanta girma! Sin ta ce dutse ne. Japan ta ce tsibiri ne. Har yau ba a rabu ba.

Mu dawo gida, akwai sauran mamaki. Shin ko kun san ku mutanen gaɓar teku ne? Sahil a Larabci gaɓar teku ce. Daga nan akasarin masana ke cewa aka sami Sahel, wannan ɗamarar da ta taso daga Senegal ta bi ta kanmu ta dangana da Sudan. Hamada ce tekun, mu ne gaɓa, Agadas da Tumbuktu su ne tashoshi. Jam'in sahil kuwa sawahil. Kun gano? Swahili! Harshen mutanen gaɓa. Ashe Ba'aren Kore Mairuwa da masuncin Zanzibar kalma ɗaya ta raɗa musu suna.

Masu ilimin duwatsu ma sun ga tsibirai a ƙasar Hausa. Dutsen da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili, ba ɗan'uwa kusa, wani Bajamushe mai suna Bornhardt ya sa masa inselberg a 1900. Ma'ana, dutse-tsibiri. Sunan ya bi duniya. Kufena ta Zariya irinsa ce. Kwatarkwashi irinsa ne. Haka Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, ya tashi wajen mita 300 sama da filin da ke kewaye da shi.

To wai teku ta taɓa zuwa nan kuwa? Ta zo! Ku zauna da kyau. Masana ƙasa sun ce tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani hannun teku mara zurfi ya sha ratso Sahara daga arewa, ya kwanta bisa yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato. Shaida? Tana cikin dutse. A Dange da Wurno da Goronyo ana tsintar haƙoran kifin shak, da ƙasusuwan kunkuru da kadojin ruwan gishiri. Akwai wani ƙaton ƙadangaren teku, mai filafilai a madadin ƙafafu, da aka fara bayyana ƙasusuwansa a 1930. A 1972 masanan Italiya suka raɗa masa Goronyosaurus. Ƙadangaren Goronyo! Wani kadan kuma aka sa masa Sokotosuchus. Garuruwanmu na cikin littattafan kimiyya da sunan dodannin ruwa, mu ba labari.

Farar ƙasar Kalambaina da ake toya siminti da ita a Sakkwato, da ta Malbaza a jihar Tawa, taron ɓawon halittun wannan tekun ne da suka mutu suka danƙare. Duk wanda ya yi daɓe da simintin can, bisa katantanwar teku yake shimfiɗa tabarma.

A bakin tekun gaske kuwa, Hausawa sun daɗe da zama 'yan tsibiri. Tsohuwar Ikko tsibiri ce. A 1863 wani Baturen Ingila, Glover, ya haɗa 'yar rundunar Hausawa a can, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Unguwar Obalende ta tashi ne da zaman irin waɗannan sojoji da iyalansu. Kusa da ita ga Victoria Island, mai suna tsibiri, amma an cike fadamar da ta raba ta da Lekki, yanzu suna ne kawai ya rage. Can gefe kuma ga Banana Island. Ita da babu ita sam. Yashi aka zuba cikin ruwa aka yi ta, da siffar ayaba, kuma filinta na cikin mafi tsada a Afirka. Wanda Allah ya yi an mai da shi tudu, wanda babu an ƙirƙiro shi. Ikko ke nan!

Yanzu riƙe waɗannan, na kai wa majalisa ne.

Tsibirin da ya fi kowane girma a duniya shi ne Girinlan. Murabba'in kilomita miliyan 2 da dubu 160. Nijar duk faɗinta miliyan 1 da dubu 267 ce. Mutanensa fa? Ba su kai 60,000 ba. Ƙaramar hukumar Dogon Dutsi kaɗai ta fi su yawa! Akasarin tsibirin ƙanƙara ce.

Juya shi. Tsibirin Jawa na Indonesiya wajen kashi ɗaya cikin goma na Nijar ne kawai. Mutum nawa? Wajen miliyan 150. Tirƙashi!

Indonesiya na da tsibirai sama da 17,000, kuna cewa ita ce gaba? Ina! Suwidin ta ƙirga nata ta sami 267,570. Japan kuwa shekara da shekaru tana cewa 6,852 gare ta. A 2023 ta sake ƙirgawa da taswirar kwamfuta. Sai ga 14,125. Fiye da tsibirai 7,000 tana da su ba ta sani ba!

Madagaska ce babba a Afirka, ta huɗu a duniya. Kilomita 400 ne tsakaninta da Mozambik. Amma harshen mutanenta ɗan'uwansa na can Borniyo, nisan fiye da kilomita 7,000 a kan ruwa. Da kwalekwale kakanninsu suka zo.

A Tafkin Victoria akwai Migingo. Murabba'in mita 2,000 kacal, bai kai rabin hekta ba. Ɗaruruwan masunta ne cunkushe a kai, rumfunan kwano sun rufe dutsen ruf, ba ka ganin ƙasa. Kenya ta ce nata, Yuganda ta ce nata. Me ake so a wurin? Giwan ruwa. Shi dai wannan kifin da ake fafutukar kamawa a Argungu.

A Senegal akwai Fadiyut, tsibirin da ɓawon katantanwa ya gina. Ɗaruruwan shekaru ana ci ana zubarwa har tsibi ya zama gari. Kun ga tsibi da tsibiri kuma! Tituna ɓawo, bango ɓawo, in kana tafiya ƙasa na ƙaras-ƙaras. Maƙabartarsu ma ta ɓawo ce, Musulmi da Kirista wuri ɗaya.

Tsakanin Faransa da Sifen, cikin kogin Bidasowa, akwai ɗan tsibirin da ake karɓa-karɓa da shi. Tsawonsa wajen mita 200, ba kowa a kai. Daga Fabrairu zuwa Yuli na Sifen ne. Daga Agusta zuwa Janairu na Faransa. A kansa suka sa hannu a sulhun 1659. Da masu Lete sun ji wannan dabara, da kuɗin lauya ya huta.

Can ƙuryar arewa kuma akwai tagwaye, Diyomid babba da Diyomid ƙarami. Babban na Rasha, ƙaramin na Amurka. Tsakaninsu bai cika kilomita 4 ba. Amma layin da ke raba kwanan wata ya ratsa ta tsakiya, agogonsu ya bambanta da awa 21. Kana tsaye a nan ranar Alhamis, kana hangen Juma'a da idonka!

Tsibiri na mutuwa? Yana mutuwa. Bayan guguwar 1970 wani ya ɓullo a bakin tekun Bengal. Indiya ta sa masa suna, Bangaladash ta sa masa nata, aka shiga gardama. Ana cikin gardamar, a 2010 masana suka duba hoton tauraron ɗan'adam. Babu shi. Teku ta karɓe abinta.

Ana kuma haihuwarsa, a gaban shaidu. A Nuwambar 1963 masunta a kudancin Aislan suka hango hayaƙi na tashi daga cikin ruwa. Suka zaci jirgi ne ya kama wuta. Ashe dutse ne ke aman wuta daga ƙarƙashin teku. Bai tsaya ba sai 1967. Da ya lafa, ga sabon tsibiri fil, aka sa masa Surtsey. Hukuma ta hana kowa taka shi sai masu bincike, su ma sai an kakkaɓe musu kaya, don a ga yadda tsiro da tsuntsu za su iso da kansu. A 1969 sai ga wani baƙon tsiro kore shar a tsakiyar baƙin dutse. Aka kira masani takanas ya zo ya duba. Ya durƙusa, ya tona gindin. Tumatir ne! Ashe wani ne cikin ma'aikatan ya ci tumatir, ya zaga bayan dutse. Nan take aka tuge shi, aka kwashe har da takin.